Ranar da Baba Ya Je Cinikin Makarantar Likita

Abubuwa da yawa sun ɓace mini a ka, har da sunayen wasu ƙananan ƙasusuwan hannu da na sha wahalar haddacewa. Amma ranar da mahaifina ya zuba babbar riga ya tafi cinikin makarantar likita kamar wanda zai sayi albasa, wannan kam ba zan manta da ita ba, ko da tsufa ya kai ni ga kiran jikokina da sunan juna.

Mu mutanen wajen Malbaza ne, kuma Baba ɗan kasuwar albasa ne tun kafin a haife ni. Yakan saya daga hannun masu garka, wato manoman lambu, ya tara, ya loda wa manyan motoci su gangara da ita Abijan. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ana maganar ciniki, to ka ja bakinka ka yi kallo kawai. A wurinsa babu abin da ke da farashi ɗaya a duniyar nan. Ko maganin ciwon kai ya shiga saye sai ya taya. Inna takan ce in ya tambaye ka ƙarfe nawa ka ce masa biyar, sai ya ce a bar masa a huɗu.

A Konni na yi lise, wato babbar sakandare, kuma a can na zauna bak, jarrabawar da ke buɗe wa mutum ƙofar jami'a. Na ci, amma ba irin cin da ake yanka rago ba. Maki sha biyu da ɗan kai na samu bisa ashirin. Ilimin halittu na yi masa kaca-kaca, lissafi kuwa shi ya yi mini kaca-kaca, sai muka tashi babu mai bin wani. Ni kuma tun ina ƙarami likita nake son zama, ba don wani dogon dalili ba, sai don wani likita da ya taɓa ɗinke mini ƙafa yana ba ni labarin kura, har aka gama ban sani ba.

Da sakamako ya fito sai na nufi wurin malaminmu na ilimin halittu, wanda duk muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Mutum ne da ba ya shafa wa magana mai. Ya dubi makina, ya dube ni, ya ce ƙofofi uku ne a gabana. Akwai tallafin karatu a wata ƙasar waje, wanda ake ba waɗanda makinsu ya yi sama sosai. Akwai babbar makarantar Yamai, inda masu nema suka fi kujeru yawa nesa ba kusa ba. Sai kuma wata sabuwa da aka buɗe a wani gari can gabas, wadda ba ta yi suna ba tukuna.

Ya ce, "Ta waje ka cire ta daga ranka, ba tsararka ba ce. Yamai ka gwada, wa ya sani, halittunka na da kyau. Amma ta gabas ita ce daidai wuyanka. In ka bar ta, ka bar karatu."

Maganar ta yi mini ɗaci, ba zan ɓoye ba. Wa ke son a ce masa shi matsakaici ne? Amma na san gaskiya ya faɗa, don ni na san irin kallon da ni da takardar lissafi muka yi wa juna a ɗakin jarrabawa.

Na koma gida na tarar da Baba a rumfarsa, ana ta ɗinke bakin buhuna. Na durƙusa na zayyana masa duk abin da Mushe ya ce. Ya saurara har ƙarshe yana murza wata albasa a hannu, sannan ya tambaye ni wacce ta fi daraja cikin ukun. Na ce ta waje.

"To ita za mu nema. Ita kaɗai."

Na ce, "Baba, makina bai kai ba."

"Wa ya ce?"

"Su suka ce. Sha biyar suke so."

Sai ya yi wata dariya, irin wadda yake yi wa sabon dillali. "Kai yaro ne. Wanga kuɗin farko ne. Ka taɓa ganin wanda ya hiddo kaya ya faɗi kuɗin gaskiya tun da fari? Sun ce sha biyar don a taya."

Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa ko da za mu nemi ta wajen, ai sai mu haɗa da sauran biyun don kada mu tashi a tutar babu. Nan fa ya ajiye albasar ya gyara zama. A ganinsa wannan ita ce babbar wauta. Wai in mai saye ya ji cewa ka riga ka kai kayanka ƙaramar kasuwa, ya gama raina su, ba zai ƙara ba su daraja ba. Manyan makarantu za su ji labari cewa ɗansa ya nemi ƙarama, su ce ashe kayan araha ne. Na ce masa makarantun nan ba sa zama a rumfa ɗaya suna gulmar ɗalibai. Ya ce duk 'yan kasuwa sun san juna.

Wallahi raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani, amma Baba ba a ɗaga masa murya. Ga shi kuma ba ni da yadda zan yi in zagaye shi, domin takardar haihuwata da sauran takarduna duk suna cikin akwatinsa na ƙarfe, makullin yana aljihunsa, kuma ba a karɓar takardun nema sai da yatsan uba a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne alkawarin da ke tsakaninmu. Tun ina aji na ƙarshe Baba ya ce in na samu makaranta, zai tsaya mini har in gama. In ban samu ba, to babu zaman banza a gidansa, zan hau motar albasa in riƙa raka kaya Abijan. Ba mugunta ba ce, a wurinsa gata ne ma. Amma ni na san samari a unguwarmu da suka hau motar nan da sunan shekara guda kafin su koma karatu, yanzu 'ya'yansu sun isa shiga lakwal, su kuwa suna bisa buhuna har yau.

Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce, "Ni mi zan ce? Mutumin da ya tsaya ciniki da mai aski bayan an gama aske masa kai?" Daga nan ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Ana nan sai aka ba da sanarwa cewa wata jami'a, wato wata ma'aikaciya daga Yamai, za ta zo lise ɗinmu ta yini guda, ta karɓi takardun masu neman makarantun lafiya, ta kuma ba da shawara. Da la'asar za ta wuce, wanda bai miƙa nasa ba sai baɗi. Baba ya ce da kansa zai je. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da safe ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya sa aka ɗora buhun albasa a bisa motar haya, zaɓaɓɓiya, kowace kamar dunƙulen hannu. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce gyara ne, ba a zuwa babban ciniki hannu sake. Tun daga Malbaza har muka wuce Tsarnawa yana ba ni darasi. Kada in yi murmushi. Kada in nuna ina so. In an tambaye ni, in ce ai ni ban ma damu da ƙasar wajen ba, an ce sanyi gare ta. Sauran fasinjoji suna ta gyaɗa kai suna cewa gaskiyar Alhaji, ni kuwa na manna fuskata a taga ina haɗiyar zuciya.

Muka tarar da layi a gaban buro, wato ofishin makarantar, ɗalibai da iyayensu, wasu ma abokan kasuwar Baba ne da suka rako nasu 'ya'yan. Da aka zo kanmu muka shiga, mai gadin lise ya taya mu shigo da buhun ya jingine a bango. Matar dattijuwa ce mai tabarau, fuskarta a sake. Baba ya gaishe ta, ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi mutanen Yamai, ya tambayi ruwan bana, har ta fara duban layin da ke waje. Sannan ya tura mata takarduna da yatsa ɗaya, kamar abin da bai dame shi ba.

Ya ce, "An ce kuna da wata makaranta a ƙasar waje. Ni dai ban cika sonta ba. An ce sanyi, kuma ko hura babu. Amma tunda mun zo, sai mu ji."

Ta buɗe takardun ta duba, ta ɗago ta dube ni da tausayi. Ta ce, "Alhaji, yaron ya yi ƙoƙari. Amma waccan sha biyar suke nema."

"Madalla. Wanga na farko ne. Na gaskiya hwa?"

"Shi ne na gaskiya."

"Haba Hajiya. Sha biyu da rabi, ki sallama."

Ta cire tabarau ta dube shi da kyau, ta ga babu alamar wasa a fuskarsa. Na ga tana danne dariya. Ta ce, "Alhaji, wannan ba ciniki ba ne."

Baba ya juyo ya ƙifta mini ido. "Kowa haka shike cewa." Ya sake fuskantar ta. "To kada mu ɓata wa juna lokaci. Ke ki sauko, ni in hau. Mu haɗu a sha uku da rabi."

"Ai yaron ba shi da sha uku da rabin."

"In ya je can sai shi ciko."

Nan dariyar ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, ga 'yan ajinmu sun leƙo ta taga. Baba bai ji komai ba, a wurinsa in mai kaya ya yi dariya ciniki ya fara nuna ke nan. Sai ya nuna buhun da haɓa ya ce ga ɗan gyara nan a kai wa yara. Fuskarta ta canja nan take. Cikin ladabi amma ba da wasa ba ta ce ba ta karɓar komai a wurin kowa, ya yi haƙuri ya tafi da abinsa. Sannan ta faɗa masa abin da Mushe ya faɗa mini, kusan kalma da kalma: a gwada Yamai, a riƙe ta gabas da hannu biyu.

Jin an ambaci ta gabas, Baba ya miƙe ya kaɗe riga. Ya tattara takarduna ya ce, "Albarka. Tashi mu tahi."

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san wannan dabarar. In ciniki ya ƙi, sai ka juya ka kama hanya a hankali, mai kaya ya ga da gaske za ka tafi, ya ƙwala maka kira ya sallama. Baba ya ƙware a wannan tafiyar har ana ba da labarinsa. Muka fito filin lise, rana ta take, ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai ciwon gwiwa. Ta gefen baki yake ce mini, "Kada ka waiga. In ka waiga ka ɓata. Yanzu za ta kira."

Muka wuce tutar makaranta. Shiru. Muka wuce famfo. Shiru. Mun kusa ƙofa ke nan sai muka ji daga baya, "Alhaji! Alhaji!"

Wayyo, da kun ga fuskar Baba! Murmushi ya cika ta har kunne. Ya matse mini hannu ya ce, "Ka jiya? Ba a juyawa a kiran farko." Muka ƙara taku. Aka sake kira, da ƙarfi. Sai ya juya a hankali cikin ƙasaita, yana gyara hannun riga.

Mai gadi ne, ya rungumo buhun albasa yana nishi. "Alhaji, Madam ta ce kun manta kayanku."

'Yan layi suka fashe da dariya, wasu har da riƙe ciki. Baba ya ce wa mai gadin ya riƙe buhun ya kai gidansa, muka fita waje muka tsaya a inuwar wani itacen dogon yaro daura da ƙofa. Ya ce mai kayan nan tana da taurin kai, amma irinsu ne ke kira daga ƙarshe. Muka tsaya. Masu kabu-kabu kaɗai ke kiran mu, kowane ya zo ya tsaya a gabanmu da babur yana tambayar ina za a kai Alhaji. Muka je masallacin gefe muka yi azahar muka dawo. Layi yana ta raguwa. Abokaina suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da 'yar takardar shaida a hannu, su ɗaga mini hannu su wuce. Can sai na hango direban matar ya fito ya fara goge gilashin mota.

A nan ne haƙurina ya ƙare. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, "Baba, ba za ta kira ba! Don Allah ka dubi layin nan. Kai in albasa ta yi wuya, masu saye sun yi maka cincirindo, wa ka taɓa bi da kira don ya juya baya? Ba ta rasa masu so ba. Mu ne muke so, kuma motarta za ta tashi!"

Na tsaya ina jiran tsawa, don ban taɓa yi masa magana haka ba. Tsawa ba ta zo ba. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya dubi takardun da ke hannunsa, waɗanda ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a ciki, ya ce da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "Wato kayan nawa ne ba su kai ba?"

Duk fushina ya zube a wurin. Sai a lokacin na gane ashe ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutumin nan tsakaninsa da Allah ya yi imani babu yaron da ya fi nasa a ƙasar nan, kuma duk wanda ya ce ba haka ba, so yake ya karya masa farashi. Idona ya kawo ruwa. Na ce, "Sun kai, Baba. Ba can suka kai ba, amma akwai inda suka kai."

Ya ce tun da ya fara kasuwa bai taɓa juya wa mai kaya baya sannan ya koma da ƙafarsa ba, kuma duk Malbaza an san haka. Ya dubi bakin ƙofa, inda abokan kasuwarsa biyu ke zaune a benci suna jiran 'ya'yansu, suna kallon mu. Na san kafin magariba labarin zai riga mu isa gida. Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar.

Sai kawai ya kama hanya. Wannan karon babu ciwon gwiwa, sauri yake har rigar tana kaɗawa, ni ina binsa da ɗan gudu. Ɗaya daga cikin abokan nasa ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Alhaji, an kira ka ne?" Baba bai ko dube shi ba ya ce, "Ba a kira ba. Ni na dawo."

Muka tarar da matar tana haɗa takardu cikin jaka. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Ya ce, "Hajiya, na dawo. Ki bar batun abin da nike so. Da abin da yaron ga shike da shi, ina za su ɗauke shi?"

Allah ya saka wa matar nan, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ajiye jakar, ta jawo masa kujera, ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce makarantar gabas sabuwa ce amma likitan da ta fitar likita ne, allurarsa ba ta fi ta wani gajarta ba. Muka cika takardun neman Yamai, muka cika na gabas, Baba ya dangwala yatsa a kan duka biyun. Da ta faɗa masa yawan shekarun karatun, sai ya ɗan matso ya ce, "Ba a rage ko guda?" Mu uku muka yi dariya, har shi.

Yamai ba su ɗauke ni ba, kamar yadda Mushe ya yi hasashe. Ta gabas ta ɗauke ni, a can na yi karatuna na gama, kuma yau ina aiki a wata likita, wato asibiti, a ƙasar Illela. Abokan Baba sun shekara suna tsokanar sa da "an kira ka ne?", shi kuwa sai ya ce musu in sun yi zazzaɓi su zo ya sa a yi musu ragi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne mutum ya auna kansa da ma'aunin gaskiya kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba laifi ba ne ka gwada wadda ta fi ka tsawo, amma kada ka bar wadda take daidai kai don jin kunya ko don wani mai ƙaunarka ya ce ka fi ƙarfinta. Masu ƙaunarmu sukan sa mana kuɗin da babu mai biya, kuma ba ƙarya suke yi ba, haka suke ganin mu. Haka nake gaya wa duk yaron da ya zo mini da makinsa yana neman shawara. Sannan nakan ƙara masa da cewa ya duba ko yana da wanda zai iya komawa dominsa. Ni dai na san da Baba ya tsaya a inuwar nan yana riƙon girmansa, da yanzu ina bisa buhuna a hanyar Abijan. A gaban abokansa ya ba da girman nan duka don in yi karatu, kuma shi ne farashi ɗaya a rayuwarsa da ya biya cif bai nemi ragi ba.